Ɗingishin Padre

A Santa Brígida mutum ba ya shiga kabari da sunan baftisma kaɗai. Kowa da laƙabinsa, kuma laƙabi ba ya fitowa daga ko'ina sai daga bakin Doña Pascuala, mai sayar da chicha, wato abin sha na masara, a gindin mangwaron da ke kallon ƙofar coci. In ta dube ka ta yi shiru, ta kife ludayi a bakin tulu, to ka fara addu'a. Ita ta raɗa wa magajin gari Gobe-Da-Safe. Ita ta raɗa wa mai cire haƙori Saura-Ɗaya. Akwai wani bawan Allah da ya yi atishawa sau ɗaya tak ranar ɗaurin aurensa. Da ya rasu 'ya'yansa suka rubuta sunansa na gaskiya a jikin gicciye, jama'a suka yi ta wucewa suna tambaya wane baƙo aka binne a nan, sai da aka koma da fenti aka ƙara Atishawa a ƙasa sannan hankalin kowa ya kwanta.

Mutum ɗaya ne ya kai shekara sittin da takwas bakin nan bai same shi ba: Don Serapio Putaré. Maestro ake ce masa, wato gwanin kiɗa, Maestro zalla, ba gaba ba baya. Ya kuwa yi wa sunan nan tsaron da kaza ke yi wa ƙwanta. Ba ya sauri a kan hanya, ba ya shan mangwaro a bainar jama'a, ko hamma ce ta zo masa sai ya riƙe abarsa ya kai gida.

Su uku ne masu kiɗan. Shi da goge. Sai Nicanor Chuvé, wanda ya riƙe masa ɗan fari ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre. Gari kuwa Tulu yake kiransa, dalilin a bayyane yake daga wuyansa zuwa gwiwa. Shi ke da babban gogen nan da ake tsayarwa tsakanin ƙafafu. Ta ukunsu Señorita Clotilde, tsohuwar malamar makaranta, mai kaɗa arpa, katako mai tsirkiya jere kamar zaren masaƙa. Kiɗansu na mutanen da ne, na shekara kusan ɗari uku, daga littattafan da tsofaffin Padre, wato limaman coci, da kakanninmu suka bari a akwatin katako a ɗakin bayan coci. Kuma yadda aka yi shi a da haka suke yinsa. Tsirkiyarsu ta hanjin tunkiya ce, ba waya ba. Ba lasifika, ba lantarki. Shi kuwa hanjin tunkiya ba ya shiri da damina, ka ɗaure ya saki, ka ɗaure ya saki, sai su share rabin awa suna saiti don kiɗan minti goma. Wata shekara wasu baƙi suka tafa musu raf-raf-raf da suka gama saitin, suka miƙe za su fita.

Da can su huɗu ne. Na huɗun, Maestro ya kore shi ranar da ya kama shi da tsirkiyar ƙarfe.

“Abin da takarda ta ce,” ita ce maganarsa kullum, da yatsa a sama. “Ba ƙari, ba ragi. Mu ba mu fi su sani ba.”

A cikin littattafan akwai kiɗa ɗaya da ya fi kowanne suna. Kun san a rubutun kiɗa, in aka sa ɗigo a gefen baƙi, wato alamar sauti, to baƙin nan a ja shi, na bayansa a gajarta. Shafukan wannan kiɗa cike suke da ɗigo-ɗigo, kuma ba bisa tsari ba: nan ɗaya, can biyu, can babu. In an bi su yadda suke sai kiɗan ya riƙa tafiya yana jan ƙafa, taaa-ta, ta-ta, taaa-ta, kamar mai ƙaya a diddige. Haka uban Serapio ya koya masa, haka shi ma ya karɓa daga nasa uban. Labarin ne dai Serapio ya ɗora: wai Padre Ildefonso, wanda ya rubuta kiɗan, alfadari ya taɓa kayar da shi, ya ƙare rayuwarsa da ɗingishi, shi ne ya zuba tafiyarsa a takarda. Ya faɗi haka a coci, ya faɗa a rediyo, ya faɗa wa wani bishop, babban limamin coci, har bishop ya share hawaye. Tun yana farawa da “an ce” har ya koma farawa da “kowa ya sani”. Ɗingishin Padre ake kiran kiɗan. Da shi ake shigo da amarya, da shi ake fita da gawa.

To ana saura kwana huɗu bikin kiɗan da, wanda baƙi ke cika gari dominsa har a rasa ƙwai a kasuwa, sai ga Doctora Ximena Arce daga birni. 'Yar siririya, ba ta wuce talatin da biyar ba, da farar safar hannu da gilashin ƙara girman abu. An turo ta ne ta tsabtace littattafan ta ɗauki hotonsu, ranar Lahadi kuma, kafin su Maestro su yi wasa, ta yi wa jama'a ɗan bayani a kansu. Maestro da kansa ya buɗe mata akwatin, ya shimfiɗa mata littafin kamar mai miƙa jariri, Nicanor da Clotilde suna tsaye a baya.

“Ki bi a hankali, 'yata. Ga shi nan.”

“Ai tun ina makaranta nake jin labarinsa, Maestro.”

Ta kara gilashi a shafin farko. Ta daɗe. Ta matsar da shi bakin taga ta sake dubawa. Sai ta naɗa 'yar auduga a tsinke ta taɓa ɗigo ɗaya, taɓi ɗaya tak, kamar mai cire kwantsa a idon jinjiri.

Ɗigon ya bi auduga.

Nicanor ya miƙa wuya ya leƙa shafin.

“Kin goge wa Padre ƙafa,” in ji Nicanor.

“Ba tawada ba ce,” in ji Doctora, murya ƙasa-ƙasa.

“To mece ce?” Maestro ya tambaya.

Ta dubi Clotilde, ko 'yar'uwarta mace za ta kawo ɗauki. Clotilde ta ɗaga kai tana ƙirga azara.

“Maestro, da alama littafin nan ya taɓa daɗewa a buɗe, wataƙila kusa da inda ake cin abinci, ko kuma...”

“Yarinya, fito fili ki yi magana.”

“Ƙuda ne.”

“Ƙuda ya yi me?”

“Abin da ƙuda ke yi in ya ci ya ƙoshi.”

Nicanor ya yi ƙoƙari, a ba shi haƙƙinsa. Ya cije leɓe, ya kumbura kumatu, ya juya ya fuskanci bango kamar mai tuba. Tumbinsa ne ya ci amanarsa, ya fara rawa shi kaɗai, daga nan kuma ba mai iya tare ruwa. Ya yi dariya har ya zauna a kan akwatin.

“Shekara arba'in! Compadre, ka tuna ranar da ka ƙwala mini sandar goge a ka, ka ce, Nicanor, ba ka ga ɗigo ba? Ashe da hanci ya kamata in neme shi!”

Maestro bai ko dube shi ba. “Duka?” ya tambayi Doctora.

“Na wannan shafin dai duka.”

“Kuma ranar Lahadi haka za ki faɗa wa mutane?”

“Ya zan yi, Maestro? Ai ku kuka koya mana. Abin da takarda ta ce.”

Ya leƙa ta taga. Can ƙetaren dandali Doña Pascuala na zaune tana juya chicha a tulu, hankali kwance, kamar kada a bakin ruwa. Ba sai an kai shi wurin mai duba ba, ya riga ya ji sunan a kunnensa: Serapio Kashin-Ƙuda. Shi, da 'ya'yansa, da jikokin da ba a haifa ba, gidan Kashin-Ƙuda.

Ya juya kan Nicanor. “Rantse mini ba za ka buɗe baki ba kafin Lahadi.”

“Na rantse da kabarin uwata. Amma ka sani, compadre, kwana huɗu da yawa. In na fashe, alhakina a wuyanka.”

A gida ya tarar da matarsa Doña Eduviges tana mulmula 'yan dunƙulen burodin nan da ake kira cuñapé, hannu duk garin rogo da cuku. Ya zauna bai cire hula ba ya zayyana mata komai. Ba ta yi dariya ba, wannan kuwa ya fi dariyar Nicanor ciwo.

“Ni dama na sha mamaki,” in ji ta. “Wane irin mutum ne zai yi ɗingishi yau da hagu, gobe da dama?”

“Kin sha mamaki, ba ki taɓa faɗa ba?”

“Ka taɓa tambayata? Da kiɗan nan ubanka ya shigo da ni coci, ina jan ƙafa kamar agwagwa don in bi shi, takalmin aro yana cizona. Na yi ƙorafi?”

“Pascuala za ta kashe ni, Eduviges.”

“Pascuala ba ta taɓa kashe kowa ba. Shekara nawa ana ce mini Gishiri saboda miyar biki ɗaya? Ga ni nan, ban narke ba. Cire hular nan ka ci abinci, tsoho.”

Bai ci ba. Washegari ya tara su a ɗakin bayan coci da fuska kamar hadari.

“Takarda ta ce babu, to babu. Daga yau miƙe za mu yi shi.”

Aka yi saiti, aka ɗauka. Layin farko lafiya lau. Ana shiga na biyu hannun Maestro ya ja baƙi, taaa-ta, shi kaɗai, ba da izininsa ba.

“Ƙuda a layi na biyu,” in ji Nicanor, ko kai bai ɗaga ba.

Aka sake. Wannan karon ya kai layi na huɗu.

“Ga wani can. Wannan ƙato ne, ya ci mai.”

“Nicanor Chuvé,” in ji Clotilde da muryar aji, “in ka ƙara, waje za ka koma. Maestro, ni zan ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ɗaya, biyu... Maestro! Ina za ka?”

Hannun da ya yi shekara hamsin yana bin hanya ɗaya, ai ko jaki ne ba ya sauya ta a kwana uku. Sai da rana ta take tsaka suka samu suka kai ƙarshe sau ɗaya ba ɗingishi. Suka sauke kaya, suka zauna suna kallon juna. Kiɗan ya tafi tiƙis-tiƙis-tiƙis, daidai wa daida, kamar ɗigar rufi a cikin kwano.

Clotilde ta cire tabarau ta goge. Mace ce da ba a taɓa jin ta soki mamaci ba.

“Allah ya gafarta mini,” in ji ta, “amma ƙudan ya fi Padre iya kiɗa.”

Ranar Juma'a da azahar, lokacin da duk Santa Brígida ke kwance, har karnuka ba sa haushi sai an yi la'asar, Maestro ya zare makullin ɗakin baya daga aljihun matarsa, don ita ke sharar coci ranar Juma'a. A ƙarƙashin rigarsa akwai 'yar kwalbar tawada. Kada ku zaci ta kanti ce. Shi ya dafa ta da ɓawon itace da tsatsar ƙusa, yadda mutanen da ke yi, ya kuma fiƙe gashin agwagwa ya yi alƙalami. Ko ha'inci zai yi, ba zai yi shi da kayan zamani ba.

Ya shiga a kan yatsu, ya buɗe littafin a kan tebur, ya tsoma alƙalami. Ga gurbin ɗigon da auduga ta ɗauke, fari fes. Hannunsa ya tsaya a sama.

“Hagu kaɗan, Maestro. Can yake da.”

Saura kaɗan kwalbar ta kife. Doctora ce zaune a ƙasa bayan akwati, ta cire takalmi, ta jingina da bango tana ɓare lemo. Ashe tun safe ba ta fita ba, mai gadin coci ya kulle ta a ciki bai sani ba, ita kuma ta ce bari ta jira gari ya tashi.

Maestro ya ajiye alƙalamin a hankali. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

“Ba zan sa ba,” in ji shi. “Ina jin ba zan sa ba. Ban sani ba.”

Ta miƙa masa ɓarin lemo. Ya karɓa don ya rasa abin yi da hannunsa.

“Ubana bai iya karanta wasiƙa ba,” in ji shi can, “amma ya iya karanta wannan. Yatsa yake sa mini a kan kowane ɗigo, ya ce, Serapio, kar ka tsallake wa bawan Allah ko ɗaya, da wahala ya rubuta su.”

Doctora ta ajiye ɓawon lemo. Ta goge hannu, ta sa safar hannu, ta ce tunda ya zo ya taya ta riƙe shafi na biyu, don ba ta taɓa shi ba tukuna. Ya riƙe mata, yana kallo ana ɗauke masa ɗigo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kallon ana kwashe kayan gidansa. Suka gangaro ƙasan shafin, wajen kusurwa. Ta taɓa wani ɗigo. Bai motsa ba. Ta sake. Ta canza auduga ta sake.

“Wannan ya ƙi,” in ji Maestro.

“Shhh.”

Shekara hamsin rabon da wani ya ce masa shhh. Ta ɗaga shafin ta kara a hasken taga, sai ga abu ya fito sarai. Kusurwar faci ce. Wani ya taɓa manna 'yar takarda a kan inda ya yage, ya sake rubuta baƙaƙen layi biyu a kanta. Ta cikin hasken ana hango tsofaffin ɗigon ƙuda a ƙarƙashin facin. A saman facin kuwa mai gyaran ya kwafe su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a gurbinsa, da tawada ta gaske. A gefe ya sa hannu da ƙananan baƙaƙe: Tomás mai goge ya gyara, 1774.

Doctora ta manta da wa take tare, ta daki kafaɗarsa. “Kun gani? Kun gani?”

Maestro ya zauna. Ya daɗe yana tauna abin kamar mai tauna ganda.

“Tsaya, 'yata. Ƙudan nan, na wane zamani ne?”

“Ya dai girmi facin.”

“Ke nan ƙudan da ne.”

“To... haka ne.”

“Na asali. Ba irin na yanzu masu bin bola ba.”

“Maestro, ƙuda ai ƙuda ne.”

“Goge ma ai goge ne, me ya taso ki tun daga birni? Amsa mini wannan: mutanen da suka ga Padre da idonsu, yaya suka yi kiɗan nan?”

“Shi dai Tomás ɗin nan, da ɗingishi ya yi shi. Wannan kam zan iya rantsewa.”

Maestro ya miƙe, ya gyara wuyan riga, tsayinsa ya dawo.

“Amma ba Padre ya rubuta ba,” in ji ta da sauri. “Ranar Lahadi dole a ambaci ƙuda. Sannan alfadarin nan da ya kayar da shi, na bincika ko'ina ban gan shi ba.”

“Ba za ki gan shi ba. Ni na haife shi.” Ya toshe kwalbar tawada ya mayar ƙarƙashin riga. “Alfarma ɗaya nake roƙo. Bar ni in faɗa da bakina. In dai za a aske mutum a kasuwa, gara ya jiƙa kansa da kansa.”

Ranar Lahadi da la'asar coci ya cika har bakin ƙofa, 'yan gari a baya, baƙi a gaba da na'urorin hoto. Doña Pascuala ta bar tulunta a hannun maƙwabciya ta zauna a layi na uku da mafici. Nicanor ya cika alkawari, amma kwana huɗun sun ci shi, har ya rame a ido. Aka yi saiti, tsirkiyar Clotilde ɗaya ta tsinke, aka ɗaura wata, aka sake saiti. Sannan Maestro ya fito gaba da goge a hammata.

Bai yi dogon Turanci ba. Ya ce Padre Ildefonso, iyakar sanin kowa, da ƙafafunsa biyu lafiya lau ya tafi lahira. Ya ce babu alfadari. Ya ce ɗigon nan da ya yi shekara arba'in yana dukan kan mutane dominsu, ƙuda ne ya sauke su, kuma Doctora na nan, mai shakka ya tambaye ta.

Dariyar ta faro daga baya, wajen mahauta, ta taho layi-layi kamar wutar daji. Baƙin da ba su ji ba suka yi ta tambayar na kusa, in an fassara musu su ma su kama. Maestro ya tsaya ƙyam ya bar ta ta wuce ta kansa. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Doña Pascuala ta naɗe maficinta ta ɗora a cinya, ta zuba masa ido.

“Yanzu ga yadda Padre ya rubuta,” in ji shi.

Suka yi shi miƙe, Clotilde na ƙirga da leɓe, Maestro na riƙe hannunsa kamar mai riƙe akuya a bakin gona. Suka kai ƙarshe lafiya. Baƙi suka tafa don ladabi. Sai wata tsohuwa mai nauyin kunne ta tambayi jikarta da muryar da ta cika coci:

“Wai Padre ya warke ne? To su mayar da shi yadda yake, wannan ba daɗi!”

“Ga kuma yadda Tomás mai goge ya yi shi,” in ji Maestro, “shi da ubana, da uban ubana.”

Ya saki hannu. Ku zo ku ga ɗingishi! Bai taɓa jan baƙaƙen nan yadda ya ja su ranar ba. Nicanor ya rungume babban gogensa yana binsa a baya kamar mai tallafe da ɗan'uwa, arpa na yayyafi a tsakani. Kafin a kai rabi duk benci na karkata hagu da dama, mahauta da baƙi da matar magajin gari, har Doctora da ke tsaye jikin ginshiƙi ta kama kanta tana jan ƙafa.

Da aka fito bai jira a kawo masa hukunci gida ba. Ya ratsa dandali da goge a hannu ya nufi gindin mangwaro, rabin gari na biye da shi. Doña Pascuala ta riga ta koma kan kujerarta. Ta dube shi, ta kife ludayi a bakin tulu.

“Barka da ciniki, Doña Pascuala.”

“Barka kadai, Don Serapio. Shekara arba'in ina jiran ka. Har na fara tsoron in mutu da kai a ciki.”

“Me kika tanadar mini?”

“Kashin-Ƙuda.”

“Albarka.”

“Albarka kuma? Ai ba ciniki ba ne.”

“Duk abin da aka yi a bakin tulun nan ciniki ne. Ki rage.”

“In rage me? Kalma biyu ce tak.”

“Cire ta farko.”

“Ita ce mai romon!”

“Kar ki rage masa ko wasali, Doña Pascuala,” in ji Nicanor daga baya. “Ni da kika ce mini Tulu, wa ya rage mini?”

“Kai ai ragin a hannunka yake, ka rage cokali. Rufe mana baki, manya na magana.” Ta juyo. “Ina jin ka.”

“Jikata Rosaura za ta yi aure watan gobe,” in ji Maestro. “Za a buga kati, za a aika wa dangin miji can birni. Ki duba yarinyar nan, ke kika yi mata hujin kunne. Jikar wa za a rubuta?”

Doña Pascuala ta taɓe baki. Ta ɗan kaɗa kai, ta ga maganar da ƙamshin gaskiya.

“Ƙuda zalla ba zai yiwu ba. Akwai Ƙuda a gari, mai gyaran babur, ba na ba mutum biyu riga ɗaya.”

“To ki bar mini Maestro a gaba. Ai ba ki saya ba, ba ki da ikon cire shi.”

“Maestro Ƙuda.” Ta juya shi a baki kamar mai ɗanɗana miya. “Maestro Ƙuda. Kai, ya zauna. Amma ka sani, duk wanda ya tambaye ni wane ne maestron a cikinku, gaskiya zan faɗa masa. Yau kowa ya ji wanda ya iya kiɗa.”

“Na yarda.”

“Ka sallama?”

“Na sallama.”

Ta ɗebo chicha ta cika ƙoƙo ta miƙa masa, ya sha a tsaye, a gaban kowa, har ta zubo masa a haɓa. Jama'a suka ɗauki sunan suna gwadawa, wannan ya jefa wa wancan, kafin ya sauke ƙoƙon ya kai bakin kasuwa.

Can daga ƙetaren dandali sai ga muryar Doña Eduviges, ta tsaya a ƙofar gida da hannu a ƙugu.

“Maestro Ƙuda!”

“Na'am!” Ya amsa kafin ya yi tunani.

“To taho ka ci abincin nan, danginka har sun fara sauka a kai!”